Rumbun unguwa: yadda ake shirya taimako tun kaka, kafin Agusta ta zo

Duk wanda ya zauna a Marwa, ko Garwa, ko Kusiri ya san watannin da talaka ke shan wuya. Daga Yuli ne zuwa Satumba. Hatsin bara ya ƙare, na bana yana gona bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara, komawa makaranta ta ƙarato, ga kogi ya cika yana neman hanya. A 2024 ambaliya ta shafi mutum sama da 400,000 a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, ta fi tsanani a Mayo-Danay da Logone-da-Shari, har gada ta karye a Yaguwa cikin watan Satumba. A ƙetaren kogi kuwa, a Chadi, abin ya kai kusan mutum miliyan biyu. Kafin nan an sha ta 2012 da ta 2022. Wahalar nan ba baƙuwa ba ce, mun san watan zuwanta.

Amma yadda muke taimako bai nuna mun sani ba. Sai katanga ta faɗi, ko an kai mai naƙuda asibiti babu kuɗin aiki, sannan liman ya yi sanarwa bayan Isha'i, a zagaya da hula, kowa ya laluba aljihu a daidai lokacin da nasa aljihun ya fi bushewa. Alheri ne, Allah ya ba da lada. Sai dai kuɗin da aka tara a Agusta ba ya sayen hatsin da zai saya a Nuwamba, wata shekarar ma farashin kusan ninkawa yake. Shi ya sa nake ganin a tara lokacin da akwai, a adana, a san gidajen da za a kai wa tun kafin su galabaita. Ga yadda unguwa guda za ta yi wannan da ƙarfinta, ba tare da jiran wata ƙungiya daga waje ba.

Mataki na farko: mutum biyar, ba taro ba

Kada ku fara da kiran taron unguwa. Taro yana haifar da dogon jawabi da rabon muƙamai, a watse ba a auna ko kwano ɗaya ba. Ku nemi mutum biyar ko shida da aka sani da riƙon amana: wanda ya iya rubutu da lissafi, ɗan kasuwar da ya san hatsi, matashi mai babur, da dattijuwa biyu. Matan nan ba don cika lissafi aka sa su ba. Su ne ke shiga har ɗaka, su ne ke ganin tukunya, namiji kuwa iyakarsa zaure. In akwai ungozoma a unguwar, ita ce ta farko da za ku roƙa.

Makulli a hannun mutum ɗaya, littafi a hannun wani, kuɗi a hannun na uku. Liman ya zama mai ba da shawara da raba gardama, kada a ɗora masa riƙon kuɗi, don ranar da aka yi ƙorafi ana bukatar wanda hannunsa bai taɓa kuɗin ba.

Daga nan ku je gaisuwa wurin jauro, wato mai unguwa, ko bulama in a yankin Kusiri kuke, ko sarkin Hausawa inda akwai shi. Ku ce: "Ranka ya daɗe, mun zo ne mu sanar da kai muna so mu tara ɗan hatsi saboda marasa ƙarfi, muna neman albarkarka." Wannan ba ladabi kaɗai ba ne. Tun da rikicin Boko Haram ya shigo yankin nan, wanda aka ga yana tara buhuna da kuɗi ba da sanin hukuma ba yana iya jawo wa kansa tambayoyin da ba ya so. In abin ya girma, dokar ƙungiyoyi ta Disamba 1990 ta ba ku damar yin rajista a ofishin prefe, wato babban jami'in gwamnati na yankinku. Ɗan siyasa in ya kawo buhu a karɓa a gode, amma kada sunansa ya hau kan rumbun.

Mataki na biyu: ku yi lissafi kafin ku yi alkawari

A ce gida 40 ne suka yarda. Kowane gida ya ba da kwano biyar a kaka, kwano 200 ke nan. In kwanonku mai kilo biyu da rabi ne, buhu mai kilo 100 yana cin kwano 40, wato kun tara buhu biyar. Gida mai mutum shida yana cinye kusan kwano guda a rana. Ashe buhu biyar ɗin nan abincin gida goma ne na kwana 20 kacal. Na kawo wannan lissafi ne don kada ku shelanta cewa za ku ciyar da duk mabukatan unguwa. Ba za ku iya ba, kuma alkawarin da aka kasa cikawa ya fi rashin yin sa ciwo. Amma kwana 20 a tsakiyar Agusta shi ne bambanci tsakanin gidan da ya riƙe akuyarsa da wanda ya sayar da ita a wulaƙance, ko ya ci bashin buhu ɗaya don ya biya biyu a kaka.

Mu nan Allah ya ba mu kaka biyu. Akwai ta damina, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin jar dawa da gero da masara. Akwai kuma ta masakwa, dawar rani wadda Fulani ke kira muskuwari, da ake dasawa a ƙasar karal mai yumɓu bayan ɗaukewar ruwa a girbe wajen Fabrairu. Ku zagaya sau biyu. Wanda ba ya noma ya ba da kuɗi a saya a kasuwar ƙauye lokacin da hatsi ke araha. Wake ma a nema, ko kaɗan ne, don tuwo kaɗai ba ya gina yaro.

Bayan hatsi, a sa ɗan kuɗin wata. Sefa 500 daga gida 40 ya zama 20,000 a wata. 'Yan unguwa da ke ci-rani a Duwala ko Yawunde suna iya turowa ta Orange Money ko MoMo, amma lamba ɗaya tak za a ba kowa, kuma duk abin da ya shigo a rubuta shi a ranar. Wanda bai iya ba da komai ba kada a karanta sunansa a ko'ina. Mai yiwuwa shi ne na farko a cikin waɗanda kuke nema.

Zakka dabam, rumbu dabam

Nan ake yawan kuskure. Zakka tana da masu ita, kashi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, kuma ba a jinkirta ta bayan ta wajaba. Manomin da amfaninsa ya kai nisabi, wusƙi biyar, kimanin kilo 650, zai fitar da ɗaya bisa goma in ruwan sama ne ya shayar, ɗaya bisa ashirin in da inji ya yi ban-ruwa. Mai kuɗin da suka kai darajar zinare gram 85 suka shekara zai fitar da biyu da rabi cikin ɗari. In wani ya wakilta ku ku raba masa, ku raba nan take, ku mallaka wa masu haƙƙi. Ba a zuba ta a rumbu a jira damina, ba a gyara rufin sito da ita. Abin da ake ajiyewa sadaka ce ta ganin dama, kuma a faɗa wa masu bayarwa haka tun farko. Shafin zakka dabam a littafi, duk abin da ya shige muku duhu ku kai wa malami.

Mataki na uku: ajiya

A shanya hatsi ya bushe sosai, in ka ciza ya ce ƙas. A ɗora buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango, a ɗakin da ruwa bai taɓa shiga ba ko a shekarar da ta fi kowace ambaliya. Wake kuwa sai buhu mai riɓi uku, wanda ake kira PICS: leda biyu a ciki, buhu a waje, a matse iska a ɗaure kowanne dabam, ƙwari su mutu don rashin iska. Dabarar nan ma a nan gida aka fara gwada ta, a cibiyar binciken noma ta Marwa tare da jami'ar Purdue ta Amurka, a ƙarshen shekarun 1980. Kada a zuba maganin feshin auduga a abincin da mutane za su ci, ko wa ya ce yana yi.

Mataki na huɗu: nemo wanda ba ya roƙo

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi ya fi wuya. Mai roƙo kowa ya san shi, yana ƙofar masallaci ranar Juma'a, yana da nasa rabon. Wanda rumbun nan ya fi dacewa da shi shi ne wanda aya ta 273 ta Suratul Baƙara ta siffanta, wanda in ba ka san shi ba za ka ɗauka mawadaci ne saboda kamun kansa. Tsohon tela da ido ya mutu. Bazawara mai 'ya'ya biyar da dangin miji suka juya mata baya. Ɗan acaɓan da ya karye a ƙafa wata uku ke nan. Irin waɗannan za su wanke riga ɗaya su sa, su gaishe ka da fara'a, su koma gida su kwana da ruwan zafi.

Ba a samun su ta hanyar cewa mai bukata ya zo ya rubuta suna. Ana samun su ne ta bakin waɗanda sana'arsu ke nuna musu cikin gidaje. Mai injin niƙa ya san yarinyar da a da take kawo kwano biyu kullum, yanzu sai rabin kwano bayan kwana biyu, a ƙulle a bakin zane. Mai shago ya san wanda bashinsa ya tsaya ba don ya biya ba, sai don kunya ta hana shi dawowa, har ya sauya hanyar zuwa masallaci. Malamin allo ya san yaron da ke gyangyaɗi da hantsi. Matan unguwa sun san gidan da hayaƙi bai tashi ba tun jiya, da yaran da ke daɗewa a gidan maƙwabta daidai lokacin kwashe tuwo. Ku tambayi waɗannan a asirce, ɗaya bayan ɗaya. Sunan da ya fito daga baki biyu ko uku, ku sa shi gaba.

Sai ziyara. Mutum ɗaya ya je, ko biyu, ba tawaga ba. Mace wurin mace, dattijo wurin dattijo. Kada a tura yaro ya tambayi sa'an ubansa halin da gidansa ke ciki. A gaisa a natse, a tambayi jiki da yara, a bar magana ta zo da kanta. Kada a ce "mun ji ba ku da abinci." Dattijuwa takan ce: "'Yar nan, damina ta yi nauyi bana, kowa yana ji a jikinsa. 'Yan unguwa sun ɗan tara wani abu, naki rabon yana nan, da dare yaro zai kawo." In ta ce a'a suna da shi, kada a ja. A ce to, ajiya ce, a sake komawa bayan kwana biyu. Wasu sai a karo na uku suke karɓa.

A kai kaya bayan Magariba, a cikin buhun da ba rubutu. Ba hoto. Ina faɗin wannan da ƙarfi, don al'adar tsayar da tsohuwa a gaban buhu a ɗauke ta a watsa a Facebook da WhatsApp ta zama ruwan dare, kuma cin mutunci ne. Jikokinta suna da waya, abokansu ma suna da ita. Aya ta 264 ta Baƙara ta yi gargaɗi a kan ɓata sadaka da gori da cutarwa. In masu turo kuɗi daga nesa suna son shaida, a ɗauki hoton buhuna a sito da shafin lissafi, ya wadatar.

Mataki na biyar: tambayi abin da ya fi damun sa

Ba kowace matsala hatsi ke magancewa ba, kuma sau da yawa abin da zai fitar da gida daga ƙunci ƙaramin abu ne da mai shi bai san hanyarsa ba.

Mace mai ciki, alal misali. A jihohin arewa uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, akwai tsarin Chèque Santé: a biya sefa 6,000 a asibitin da ke cikin tsarin, ya ɗauki awon ciki, haihuwa, tiyata in ta kama, da kula da uwa da jariri har kwana 42 bayan haihuwa. Kuɗin wata guda na asusunku ya isa mata uku. Ku saya mata tun cikin yana ƙarami, ba ranar naƙuda ba, kuma ungozoma ta raka ta awon farko. A ganina babu inda sefa 6,000 ke aiki kamar nan.

Maganin zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a asibitocin gwamnati bisa doka, haka maganin tarin fuka da na ƙanjamau. Abin da ke hana mutane zuwa sau da yawa kuɗin babur ne da tsoron a wulaƙanta su don ba sa jin Faransanci. Matashin da zai raka mara lafiya ya yi masa tafinta ya yi sadaka babba ko bai ba da ko dala ba. Yaron da ya rame, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ba kunu zai jira ba, a kai shi a auna damtsensa. In ma'aunin ya nuna ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, kuma abincin magani da ake ba shi nasa ne shi kaɗai, ba na rabawa da yayye ba, ba na kai wa kasuwa ba.

Jini ma haka. Asibiti yakan ce dangi su kawo masu bayarwa kafin ko bayan an ƙara wa mara lafiya. Ku rubuta sunayen matasa masu lafiya, daga shekara 18, masu nauyin kilo 50 zuwa sama, da rukunin jininsu da lambobinsu. Shafi ɗaya ne, ba ya cin ko sisi, amma da tsakar dare ya fi buhu goma amfani.

Sai takardar haihuwa. Yaro ya yi shekara shida a firamare, ya zo aji na ƙarshe a ce ba zai zauna jarrabawar kammala firamare ta CEP ba don ba shi da ita, karatu ya tsaya nan. In an yi wa jariri rajista da wuri a ofishin magajin gari abu ne mai sauƙi. In an makara sai an bi ta kotu a samo hukunci, da kuɗi da zirga-zirga. Saboda haka duk gidan da aka yi suna, wani daga cikinku ya tambaya ko an yi takarda. Masu naƙasa kuma a raka su ofishin jin daɗin jama'a su nemi katinsu, wanda dokar 2010 ta tanada.

Mai ƙarfin sana'a kuwa jari ya fi masa. Mai ƙosai da kaskonta ya tafi a ruwa, kasko da mai da wake take bukata. In rance ne a faɗa a fili, a rubuta, ba ruwa a kai, kuma in ta kasa a jinkirta mata. In kyauta ce a ce kyauta ce. Abin da ke ɓata zumunci shi ne a bayar a dunƙule, mai bayarwa yana jiran biya, mai karɓa yana ganin an ba shi.

Ranar da ruwa ya shigo

Tun Yuli ku san gidajen da ke kwari, da tsofaffi da marasa lafiyar da ba za su iya fita da ƙafarsu ba, da sunan matashin da zai ɗauko kowannensu. Mutanen Garwa da ƙauyukan bakin Binuwai su kasa kunne ga sanarwar sakin ruwan madatsar Lagdo, na Maga da Yaguwa da Kusiri su lura da gaɓar Logone. Takardu a leda, a rataye sama. Kwanakin farko dafaffen abinci ake bukata, don wanda ɗakinsa ya rushe ba shi da murhu balle itace, sai tabarma da gidan sauro da tsabtataccen ruwa. Bayan ambaliya kwalara ake tsoro. Kowa ya san haɗin nan: lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ana ba mai gudawa yana kurɓa ana kan hanyar asibiti, ba a madadin asibiti ba. Sunayen waɗanda abin ya shafa ku kai wa jauro da 'yan ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge da wuri, don taimakon hukuma da rajista yake tafiya, wanda ba a rubuta ba yakan tashi a tutar babu.

Baƙo da wanda ba naku ba

Tambayar za ta taso, gara ku yanke ta tun ba a fara rabo ba. Garuruwanmu cike suke da waɗanda suka baro gidajensu: 'yan Najeriya da ba su zauna a sansanin Minawawo ba, wanda aka buɗe a 2013 kusa da Mokolo, da mutanen Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da suka gudo daga ƙauyukan kan iyaka, da waɗanda rikicin Logone-Birni na 2021 ya tarwatsa, har dubun-dubata suka haye Injamena. Wasunsu suna haya a ɗaki ɗaya a bayan gidanku. Mu Hausawan ƙasar nan jikokin fatake ne da malamai da mahauta da suka zo aka ba su masauki, bai kamata a ji daga bakinmu cewa wane ba ɗan unguwa ba ne. Sadakar rumbu ta duk wanda ke kwana a unguwar ce, Bamusgume ne ko Balaraben Shuwa, Bamafe ko Batupure, mai zuwa masallaci ko mai zuwa coci. Haƙƙin maƙwabtaka bai tambayi addini ba. In kuna da maƙwabta Kirista, ku gayyace su su zuba nasu kwanon, su kuma nuna muku nasu masu kunyar roƙo, don ba za ku san su da kanku ba.

Lissafi da ƙorafi

Duk wata uku a karanta lissafi a gaban masu bayarwa: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, gida nawa aka kai wa. Adadi kawai, ba suna. Sunaye suna wani littafi da mutum biyu kaɗai ke gani. Mai shakka a buɗe masa sito ya ƙirga buhuna da hannunsa, ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Za a ce kun ba danginku. Maganinsa shi ne, in ana maganar ɗan'uwan ɗaya daga cikinku, ya tashi ya ba da wuri har a gama. Za a samu wanda ya sayar da hatsin da aka ba shi. Kafin ku yanke masa hukunci ku tambaya, sau da yawa magani ya saya ko kuɗin haya ya biya, wato ku ne ba ku gano ainihin bukatarsa ba. In kuwa an tabbatar shaye-shaye yake yi da shi, kada a hukunta yara da laifin uba, a riƙa miƙa wa uwar gida kaɗan-kaɗan, na mako-mako.

Kada ku buɗe rumbu gaba ɗaya a Yuli. Ku raba shi uku: kashi ɗaya a ƙarshen Yuli, ɗaya a tsakiyar Agusta, na ukun a riƙe saboda ambaliya ko gobara. In Oktoba ta shigo ba a taɓa shi ba, a raba wa tsofaffi da marayu kafin sabon hatsi ya iso, a share sito, a duba ledojin buhu ko ɓera ya huda, a sake zagayawa da kwano. Gidajen da aka kai wa bara ma a tsaya a ƙofarsu kamar kowa, wanda ya samu ya zuba, wanda bai samu ba a gaishe shi a wuce gida na gaba.